Hotuna 340 na wani ɗan koyo a Jidda: abin da na gyara masa da inda ni ma na yi kuskure

Daren wata Juma'a bayan sallar isha ɗan ƙanwata ya yi sallama a gidana da ke kudancin Jidda, da 'yar kwamfutarsa a hammata. Bai gama zama ba ya ce, "Kawu, hotunana na kawo ka duba. Amma don Allah ka faɗa mini gaskiya." Na yi dariya a ciki. Mai aikin hannu in ya ce maka "faɗa mini gaskiya", rabin zuciyarsa yabo take jira. Ni ma na taɓa faɗa wa ubangidana haka a Kano, kuma ban ji daɗin abin da ya biyo baya ba.

Tambayar da ya zo da ita ita ce ta kusan kowane ɗan koyo. Me ya sa hoton wani yake tsayar da mutum, nawa kuma a ture shi da ɗan yatsa a wuce, alhali wuri ɗaya muka tsaya? Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muka yi da shi daga farko har inda muka tsaya, har da wurin da ni malamin na kwafsa.

Shekararsa 19. A nan aka haife shi, Hausarsa a cakuɗe take da Larabci, waya ma jawwal yake ce mata. Ya yi shekara biyu yana ɗauka da ita, sannan ya tara kuɗi ya sayi kyamara ta hannu a kasuwar Sawarikh, irin wadda ake cire mata ido a sauya, da ɗan idon nan mai lamba 18-55 da yake zuwa tare da ita, wanda a 18 yake ɗaukar wuri da faɗi, a 55 kuma ya jawo abu kusa. Na jujjuya ta, lafiyarta ƙalau. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗora laifin abin da zai biyo baya a kan kayan aiki. Ni kuwa a wani situdiyo a Kano na koyi sana'ar zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya hoto 36 ne, in ka ɓata ɗaya a kuɗin abincinka za a cire. Da na zo ƙasar nan na yi shekaru ina ɗaukar hoton iƙama, wato katin izinin zama, da na fasfo, da bukukuwa ta ɓangaren maza.

Hotuna 340 ya kawo, aikin sati uku. Sun kasu huɗu: na Balad, wato tsohuwar unguwar Jidda, na bakin teku, na wani mai tsire a unguwarsu, da na cikin gida.

Kafin in ce komai na sa shi ya zaɓo mini goma da ya fi so. Ya yi kusan rabin awa yana kai gwauro yana kai mari, ya dawo da arba'in da biyu. Sai na ce to, duk wanda na buɗe, ka gaya mini da kalma ɗaya: hoton mene ne? Na farko ya ce, "Abokina ne da gidan da bishiyar da yadda mutane suke wucewa." Na ce masa "da" nawa ka faɗa? Ya ƙirga, ya yi shiru. Taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa huɗu ya cusa a baki.

A nan bambancin yake tsakanin abin da nake kira hoton ƙyas-ka-wuce da tsararren hoto. A na farko mutum ya ga abu ya burge shi, ya ɗaga kyamara daga inda yake tsaye, a tsayin idonsa, a lokacin da ya ga abin, ya danna. Duk shawarar da ke cikin hoton ƙaddara ce ta yanke ta. A na biyu mutum ya tambayi kansa me ya burge shi takamaimai, sannan ya matsa, ya durƙusa, ya jira, ya fitar da duk abin da ba shi ba daga cikin firam. Dalilin da ya sa ake buƙatar wannan wahalar shi ne ido makaryaci ne. In kana kallon abokinka, ƙwaƙwalwarka tana share maka kwandon shara da wayar lantarki da ke bayansa, ba ka ma san suna nan ba. Kyamara ba ta da wannan kara. Duk abin da ke gabanta daidai yake a wurinta.

Ba yau aka fara ƙyas-ka-wuce ba, kuma ba waya ce ta kawo shi ba. Tun 1888 kamfanin Kodak a Amurka ya fitar da 'yar kyamara da ke zuwa da fim na hoto 100 a ciki, ka danna har ya ƙare, ka mayar musu su wanke su turo maka. A wancan zamanin, masu ɗaukar hoton farko a ƙasar Hijaz, irin su Muhammad Sadik Bey na Masar da ya ɗauki Madina a 1861, da Sayyid Abdulgaffar, likitan Makka da ya yi aiki a shekarun 1880, da faranti na gilashi suke ɗauka, kyamarar a kafe a kan ƙafafu uku. Wanda ya sha wahalar ɗauko gilashi a kan raƙumi ba zai danna ba sai ya duba kusurwa huɗu. Tsadar ita take tilasta tunani. Ɗan ƙanwata kuwa dannawa ba ta cinsa ko halala ɗaya.

Hoton Balad

Abokinsa ne sanye da farar jallabiya a gaban Baitu Nasif, tsohon gidan nan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa a 1925. Balad wuri ne da ko makaho aka ba kyamara zai dawo da abin kallo: ganuwar dutsen murjani, da rawashin, tagogin katakon nan masu sassaƙa da suka turo kai bisa lungu. Tun da UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 masu kyamara suke tururuwa. Wannan kyan shi ne tarkon. Mutum yana ganin wurin ya riga ya yi masa aikin.

Ga abin da ke cikin hoton. Abokin ɗan mitsitsi ne a tsakiya, reshen bishiyar da ke gaban gidan ya fito daidai ƙeyarsa kamar ƙaho. A gefen dama rabin jikin wani mai wucewa, kafaɗa da hannu ɗaya. Don ginin ya shiga duka, yaron ya ɗaga bakin kyamara sama, sai gidan ya zama kamar zai kwanta da baya, ƙasansa da faɗi, samansa a tsuke. Ba laifin gidan ba ne. Duk lokacin da ka karkata kyamara sama, layukan da suke a miƙe sai su nufi juna. Maganinsa ka ja baya ka riƙe ta a daidaice, ko ka haƙura da ginin duka ka ɗauki taga ɗaya.

Amma babbar cutar hoton ita ce fuskar. Baƙi ƙirin ta fito, sai haƙora. Na duba bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowane hoto, sai na ga ƙarfe sha biyu da rabi na rana, a watan Yuni. Wanda ke zaune a wannan yanki ya kamata ya san abin da hakan ke nufi. Sau biyu a shekara, wajen 27 ko 28 ga Mayu da kuma 15 ko 16 ga Yuli, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba da azahar, har inuwa ta ɓace. Jidda kuwa tafiyar awa guda ce daga Makka. Tsakanin waɗannan ranakun, hasken tsakar rana daga tsakiyar ka yake saukowa. Goshi da karan hanci su sha haske, ramin ido da ƙasan haɓa su faɗa duhu.

Sai kuma matsalar da ta fi shafar mu. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne ya mayar da abin da ya gani zuwa tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Da ya ga farar jallabiya da farar ganuwa suna ƙyalli, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Jallabiyar ta koma toka-toka, fatarmu da dama tana da duhu ta nutse gaba ɗaya. Na ga wannan a hotunan alhazai sanye da harami har ba adadi: yadin ya fito fes, mai yadin ba a gane shi ba. Na nuna masa ɗan maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi, na ce in kana gaban farin kaya ka ƙara ɗaya. A waya kuma ka taɓa fuskar mutumin a jikin allon wayar da yatsa kafin ka danna. Abin da ya fi duka sauƙi, ka ja mutumin taku uku zuwa cikin inuwar lungu, inda haske yake shigowa daga gefe a hankali, ko ka bari sai bayan la'asar. Fatar baƙin mutum a irin wannan haske tana da wani sheƙi da babu filtar da za ta ba ka.

Na bakin teku ba su ɗauke mu lokaci ba. Feshin ruwan Sarki Fahad ne, wanda tun 1985 yake harba ruwa sama da mita 250, amma a hoton ya koma kamar zaren auduga a can nesa. Layin da teku ya haɗu da sama ya karkace a guda goma sha ɗaya cikin goma sha huɗu, kamar Bahar Maliya za ta tsiyaye ta gefen hagu, kuma a dukansu ya raba hoton gida biyu daidai. Na kunna masa layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara, na ce in sama ce ta burge ka ba ta kashi biyu, in ruwa ne ba shi. Wannan shawarar ta raba hoto uku tsohuwa ce, tun 1797 wani mai zane a Ingila ya rubuta ta. Ni sandar dogarawa na ɗauke ta. Tana raba ɗan koyo da ɗabi'ar dasa komai a tsakiya, in ƙafarsa ta yi ƙwari ya ajiye ta.

Mai siriya

Nan ne zuciyarsa take, ko da bai faɗa ba, don hotuna sittin da bakwai ya yi wa mutum ɗaya. Tsirenmu ne na gida, wanda kakanninmu suka zo da shi ƙasar nan har mutanen Hijaz suka karɓe shi suna ce masa siriya. Dattijo ne mutumin Katsina, yana kafa tukubarsa a bakin wani lungu daga magariba.

Dukansu daga tsallaken titi aka ɗauke su. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Kawu, kunya nake ji, kada ya ce na raina shi." Saboda haka a cikin firam akwai allon shagon kusa, da bayan na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga, da gindin wata mota, dattijon kuma yana can ƙurya kamar an manta da shi. Duk sun yi dishi-dishi. Kyamarar tana kan sarrafa kanta, da ta ga duhu sai ta bar marfinta a buɗe na kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa. A wannan jinkirin ko numfashinka yana girgiza hoto, balle hannun mai juya nama. Ya kuma jawo idon har ƙarshensa, 55, inda ƙofar hasken take tsukewa zuwa 5.6, alhali a 18 tana buɗewa har 3.5. Wato nisan da kunya ta sa ya tsaya shi ya hana shi haske.

A guda huɗu akwai mata biyu suna wucewa, fuskar ɗaya a bayyane. A nan na ɗaure fuska. Ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2007, kuma keta sirrin mutane da kyamarar waya ko makamanciyarta na iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara guda, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun. Ko babu doka, ba tarbiyyarmu ba ce. Waɗannan huɗun a gabana ya goge su.

Sannan na buɗe guda ɗaya na yi ta faɗaɗa shi har ya farfashe, na tsaya a kan hannun dattijon yana barbaɗa yaji, hayaƙi yana ratsa tsakanin yatsunsa. Na ce, ga hotonka nan. Kashi ɗaya cikin hamsin na abin da ka ɗauko. Robert Capa, wanda ya yi suna da hotunan yaƙi, an san shi da cewa in hotonka bai yi kyau ba to ba ka matsa kusa ba ne. Yaƙi dai ba a gaishe shi kafin a matsa. Mai tsire kuwa ana gaishe shi.

Inda na kwafsa

Duk abin da na faɗa a sama gaskiya ne, kuma da za a sake zan sake faɗa. Yadda na faɗe shi ne matsalar. Da dare ya yi nisa na gaji, sai tsohon halin situdiyo ya taso mini. Na shiga hotunan cikin gida ina wucewa da sauri: wannan a goge, wannan a goge, wannan ya karkace, wannan an yanke kai. A cikin minti biyar na kashe hotuna tamanin. Ban lura da lokacin da ya daina amsawa ba. Ya rufe kwamfutar a hankali ya ce, "Na gode, Kawu, Allah ya ƙara girma." A cikin 340, shida na ce a ajiye.

Kwana tara ban gan shi ba. A na goma uwarsa ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, me ka yi wa ɗanka? Kyamarar tana cikin kwaba ko taɓa ta ba ya yi." Na fara kare kaina, cewa shi ya nemi gaskiya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "To na ji. Amma na Inna ma ka ce a goge?"

Na nemi ta turo mini. Mahaifiyarmu ce, zaune a kan darduma a ɗakinta tana kwance ɗaurin goro da wani ya kawo mata tsaraba daga gida. Hoton ya karkace. An yanke saman ɗankwalinta. A bayanta ga tukunyar gas shuɗiya, ga silifas ɗaya a kife. Hannunta ya ɗan yi dishi. Duk laifin da na lissafa yana nan, ban ƙara ko ɗaya ba. Amma dariya take yi, irin wadda idonta ke rufewa, har wushiryarta ta fito. Na zauna ina kallo na daɗe. Na ɗauki tsohuwar nan hoto ya fi sau talatin a rayuwata, da fitilu uku da labule mai tsabta, kuma a kowanne fuskarta ta hoton iƙama ce: baki a tsuke, ido a zare, kamar tana gaban jami'in jawazat, hukumar shige da fice. Ban taɓa samun wannan ba. Jikanta ya samu, saboda ba ta ɗauke shi mai hoto ba, kuma saboda bai tsaya gyara komai ba.

A daren nan ni gefen firam nake dubawa, kamar yadda aka koya mini, har na manta in dubi tsakiya. Mai gyaran hoto yana iya kamuwa da wannan ciwon: idonsa ya ƙware a kan tukunyar gas har ya daina ganin uwarsa. Kuma na tambaye shi "hoton mene ne" a kan na Balad, ban tambaye shi a kan wannan ba. Da na tambaya, amsar kalma ɗaya ce.

Washegari na je gidan da kaina. Ban yi dogon ban-haƙuri ba, don tsakanin kawu da ɗa abin sai ya yi nauyi. Na ce masa hoton Inna ya fi duk wanda na taɓa yi mata, kuma shi za mu fara wankewa. Ya ɗaga kai ya ce, "Amma ai ya karkace." Na ce ya karkace ɗin. Muka ɗan miƙar da shi a kwamfuta, muka datse silifas ɗin, tukunyar gas kuwa ba yadda za a yi da ita ba tare da an taɓa kafaɗar Inna ba, muka bar ta.

Zagaye na biyu

Aikin da na ba shi guda ɗaya ne: mai siriya, hoto goma sha biyu kacal, ba gogewa. In sun ƙare sun ƙare. Kafin nan kuma ya je sau biyu ba da kyamara ba, ya gaishe shi, ya sayi nama na riyal goma, ya tsaya ya ci a wurin yana kallon yadda hannun mutumin ke tafiya. A zuwa na biyu ya nemi izini. Ya ce mini dattijon dariya ya yi, ya ce, "Yaro, ai na daɗe ina ganinka a tsallake kana laɓe-laɓe kamar ɗan baladiya (ma'aikacin hukumar gari). Da ka zo tun farko."

Mun tsara lambobin tare. Ya cire kyamarar daga sarrafa kanta ya kafa saurin marfi a kashi ɗaya cikin 125, ya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, zuwa 3200. Na gargaɗe shi hoton zai yi ɗan yashi-yashi, amma yashi ana zama da shi, dishi kuwa ba shi da magani. Filasha a kashe, don za ta kashe jan garwashin ta mayar da hayaƙin farin gajimare. Lokaci kuma 'yan mintunan nan bayan an idar da magariba, sa'ad da sama ba ta gama baƙi ba, tana da sauran shuɗi. Na ƙara masa abu ɗaya: kafin kowace dannawa ya zagaya idonsa kusurwa huɗu na firam, sannan ya koma tsakiya. Wannan "sannan ya koma tsakiya" sabon ƙari ne a karatuna.

Goma sha biyun da ya kawo labari ne da kansu, in ka jera su. Na ɗaya da na biyu har yanzu da nisa, tsohuwar kunya ba ta sake shi ba. A na uku ya matso har ya wuce gona da iri, da idon a 18, hancin dattijon ya kumbura kunnuwansa suka gudu baya. Haka fuska take yi in ka kusance ta da faffaɗan ido, shi ya sa hoton da mutane ke ɗaukar kansu da waya yake ƙara musu hanci. Ya gane da kansa, ya ja baya taku ɗaya ya koma wajen 35. Na biyar zuwa na bakwai hannaye ne kawai, masu kyau, amma ba mai su. A na takwas ya durƙusa, sai allon shagon da na'urar sanyin suka fice daga firam, bayan dattijon ya zama sararin sama zalla.

Na tara shi ne. Kyamarar tana daidai tsayin tukuba. A gaba tsinkayen nama a jere sun ja ido zuwa ciki. Dattijon yana gefen dama, ya sunkuya, jan garwashi ya haska masa haɓa da ƙasan hula, hannunsa a sama yaji yana zuba, hayaƙin ya tashi ya cika gefen hagu da babu komai. Na tambaye shi minti nawa ya yi a durƙushe. Ya ce har ƙafarsa ta yi sanyi, don dattijon sai ya juya nama sau uku kafin ya barbaɗa yaji sau ɗaya, kuma sau biyu iska tana kaɗa hayaƙin ta rufe fuskar. Bai taɓa ko tsinke ɗaya ba, bai ce wa mutumin ya tsaya haka ko haka ba. Duk tsarin a ƙafarsa da haƙurinsa ya yi shi. Na faɗi wannan ne don da yawa suna ɗauka tsararren hoto shi ne wanda aka jera mutane aka ce su yi murmushi.

Ba na cewa ba shi da aibi. Gwiwar hannun ta kusa taɓa gefen firam, da ya bar mata ɗan sarari. Farar hular ta ɗan ƙone ta sama inda fitilar titi ta doke ta. Na gaya masa duka biyun, amma wannan karon bayan na gama gaya masa abin da ya yi daidai da dalilin da ya sa ya yi daidai, kuma biyun kawai na faɗa.

Da ƙarfin gwiwar wannan ya ce zai sake na Inna "yadda ya kamata". Na yi shiru na bar shi. Ya fitar da tukunyar gas, ya shimfiɗa sabuwar darduma kusa da taga, ya zaunar da ita haske yana zuwa daga gefe, ya ba ta goro ta riƙe. Komai daidai. Inna ta gyara mayafi, ta tsuke baki, ta zare ido. Hoton iƙama na talatin da ɗaya. Ya ce, "Inna, ki yi dariya mana." Ta ce, "Dariyar me? Mahaukaciya ce ni?"

Abin da muka yanke shi ne ya bar dardumar a inda take kusa da taga, tukunyar gas ta zauna a kicin, kyamarar kuma ta riƙa zama a kan cinyarsa a kunne, da lambobinta a shirye, duk lokacin da ya shiga hira bayan la'asar. Ya yi sati biyu a haka. Ya samu guda biyu masu kyau, ɗaya tana jan carbi tana kallon taga, ɗaya tana yi wa ƙanwarsa faɗa da yatsa a sama. Dariyar nan dai ba ta dawo ba tukuna. Mai karkacen shi ne a bangon falon uwarsa, da tukunyar gas ɗinsa.

Na tara kuwa mun wanke shi babba, ya kai wa mai siriya. Ya dawo yana dariya. Wai dattijon ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, ya nuna wa masu jiran nama, ya sa masa albarka, ya ƙi karɓar kuɗin tsire. Sannan ya ce, "To amma ɗan samari, a nan wa zai gane lungun? Ka yi mini wani daga can tsallaken inda kake tsayawa da, a ga allon da lambar wayata, in tura wa masu oda."

Jiya ya je ya ɗauka masa, daga tsallaken titi, bayan ya jira motar da ke gaban ta tashi. Yanzu tambayar da ya turo mini ita ce nawa ake caja.